Baba Dakali da Matakala Bakwai

Ƙarfe bakwai da kwata na safe yake shiga ofis, tun masu shara ba su gama ba. Shekara talatin da biyar ke nan ana haka, kuma ba wanda zai ce ga ranar da ya makara, in ban da ranar da matarsa ta haifi 'yan biyu. Da shigarsa zai rataye jakarsa a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya buɗe tagogin nan guda biyu, ya fere fensir uku da reza ya jera su a gefen tebur. Kwamfuta tana nan an ba shi, kuma ya iya ta sarai, kada wani ya ruɗe ku da cewa tsoho bai waye ba. Shi dai sai zane ya zauna a takarda tukuna yake kai mata. Daga nan sai shayi kofi ɗaya, ba madara. Ƙarfe tara na bugawa, in ka leƙa ofishin sai dai ka gaisa da fensira. Mai ofishin ya saɓa 'yar kujerarsa mai naɗewa, ya soka littafi a aljihu, ya tafi zama.

Haka yake kiran abin, zama. In masinja ya ce maka, "Baba ya tafi zama," to kada ka jira shi, sai bayan azahar.

Mai zanen gine-gine ne a ma'aikatar ayyuka. Makarantu, ƙananan asibitoci, kasuwanni, kotuna, tashar mota, duk ginin da jama'a ke shiga ba tare da an gayyace su ba, irin aikinsa ke nan. Idan ka taɓa bin layin yankar kati ka ji ba rana a ƙeyarka, ko ka kai ɗanka makaranta ka tarar aji na shan iska ba fanka, akwai yiwuwar hannunsa ka shiga ba ka sani ba. Kada ka wahalar da kanka neman sunansa a allon da ake mannawa a bango ranar buɗe gini. Sunan wanda ya zo da almakashi ake rubutawa a nan. A ƙarshen watan jiya ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, aka tafa, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa bai isa ba, shi ya sa aka ɗauki alƙalami.

Birkiloli ne suka raɗa masa Baba Dakali, tun ma bai yi furfurar da ta kai a ce masa baba ba. Dalili kuwa, duk zanen da ya fito daga hannunsa, ko na ban-ɗakin kasuwa ne, sai ka ga dakali a jikinsa, a ɓangaren inuwa, tsayinsa daidai inda tsohuwa za ta zauna ta kuma iya tashi ba sai an kama ta ba. 'Yan kwangila sun yi ta ƙoƙarin mantawa da dakalin nan. Shi kuwa ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Zai zo ya zagaya ginin, ya yaba fenti, ya yaba rufi, sannan ya tsaya daidai wurin ya ce, "To, a ina zan zauna?" Ɗan kwangila ya sosa kai, washegari a kawo bulo.

Ga yadda zaman yake. In aka ce ya zana sabon gini, ba ya taɓa fensir sai ya je inda mutane ke yin wannan harkar a yanzu, ya kafa kujerarsa kwana uku. Yana duba inda inuwa take da hantsi da inda take komawa da rana tsaka. Yana duba ta ina mutane ke ɓullowa, ina mai goyo ke raɓewa ta shayar da ɗanta, ina tsoho ke jingine sandarsa, ina yara ke zagayawa in fitsari ya matse su. Duk yana rubutawa. In an gama ginin aka buɗe, sai ya bar shi ya shekara, sannan ya koma ya zauna a cikin jama'a kamar wanda bai san komai ba, yana sauraron abin da suke cewa. Sau biyu maigadi yana korar sa daga ginin da shi ya zana, wai ya ga take-takensa tun safe ba abin da ya kawo shi. Ya naɗe kujerarsa ya koma tsallaken titi ya ci gaba da kallo. Matarsa kan ce, "Ni dai mijina aikinsa zaman ƙofar mutane, in aka tambaye ni rasa abin faɗa nake yi."

Tsohon birkilan da ya bi shi aiki fiye da shekara ashirin yana da labarinsa da ba ya gajiya da bayarwa. Suna ginin wata firamare, bango ya kai inda za a yanke tagogi, sai ga Baba ya shigo ajin da ba rufi, ya shimfiɗa kwalin siminti ya zauna dirshan a ƙasa. Birkila ya ce, "Lafiya, Baba? Ko jiri ne?" Ya ce, "A nan idon ɗan aji ɗaya yake. Zo ka zauna ka gaya mini abin da kake gani." Birkila ya zauna, ya ce, "Bango." Baba ya ce, "Ni ma shi nake gani. Kuskurena ne, a sauke tagar bulo biyu." Birkila ya ce a duk rayuwarsa ta gini, ranar ya fara jin mai takarda ya ce kuskurensa ne a gaban lebura.

Matan wata kasuwa su ma suna da nasu. Ya yi wata biyu yana zana musu rumfuna, an gama zanen, har an yaba. Da ya koma zama sai ya lura masu saye ba ta babbar ƙofa suke shigowa ba, ta bayan tasha suke kutsowa, kuma can matan kayan miya suka koma suka baje kolinsu a rana. Bai ce matan ne ba su da tsari ba. Ya koma ofis ya ninke aikin wata biyu ya tura ƙarƙashin tebur, ya juya kasuwar gaba ɗaya ta kalli tasha. Magatakardar wata kotu kuma ya ce tun da suka tare a ginin da Baba ya zana, dambe a harabar kotu ya yi sauƙi. Sirrin ba wani babba ba ne. Baba ya yi zamansa na kwana uku ya ga dangin mai ƙara da dangin wanda ake ƙara a benci ɗaya suke jira, gwiwa na gugar gwiwa, ido na cikin ido. Sai ya yi ƙofa biyu da dakali biyu, ya dasa bishiya a tsakani.

Kai ne, Baba, wanda ya ɗauki karatun jami'a ya zaunar da shi a kan kwalin siminti. Kai ne mai shan rana don wasu su sha inuwa. Mutane da yawa sun ɗauka haka Allah ya halicce ka da wannan haƙurin, ba su san koyon sa ka yi ba, kuma da zafi ka koya.

Matarsa ce ta san mafarin abin, don a gabanta aka yi. Yana ɗan shekara ashirin da bakwai, shekararsa biyu da kama aiki, aka ba shi gininsa na farko, wani ƙaramin asibiti a bakin babban titi. Lokacin kansa na hayaƙi, littattafan makaranta ba su gama sauka daga cikinsa ba. A littattafan an ce ginin jama'a ya kamata ya tsaya a sama, ya yi kwarjini, wanda ya tunkare shi ya ɗaga kai. Sai ya ɗora asibitin a kan tudu, ya yi masa matakala bakwai masu faɗi tun daga wannan kusurwa har waccan, ya juya fuskarsa gabas don masu wucewa a titi su gani. Baranda kuwa ya ce za ta ɓata fuskar ginin, bai sa ba. Tagar yankar kati tana can saman matakala, a fili fetal. Ko sau ɗaya bai je filin da rana ba, a tebur ya gama komai. Ginin ya fito tsaf, manya suka yaba, aka ɗauki hotonsa aka rataye a ofishin darakta. Shi ma ya yi ta kai abokai a babur su gani.

Bayan kamar shekara guda mahaifiyarsa ta zo musu kwana biyu daga ƙauye, zazzaɓi ya kwantar da ita. Yana wurin aiki, maƙwabciya ta ɗauke ta ta kai ta asibitin da ya fi kusa. Inna ta san ɗanta yana zana gine-gine, amma ba ta san wanne da wanne ba, ita duk ginin gwamnati ɗaya ne. Da la'asar ya dawo ya tarar da ita kwance a tabarma, leɓenta ya bushe, amaryarsa na yi mata fifita. Ya durƙusa ya miƙa mata ruwa, ya ce, "Sannu, Inna. Kin ga likita?"

Ta ce, "Na gan shi, bayan na gasu. Da rarrafe na hau matakalan nan, yaro, ina hawa ina hutawa. Na isa sama kuma ba inda zan raɓe, ba inda zan zauna. Awa uku rana na dukana." Ta kurɓi ruwan ta mayar da kai ta kwanta. "Wanda ya zana wannan asibitin dai bai taɓa ciwo ba."

Amarya ta ɗaga ido ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da fifita. Shi kuwa kofin na hannunsa, ya kasa ajiyewa. Bai ce shi ne ba. Kunya ta hana shi ranar, ta kuma hana shi washegari, daga nan maganar ta yi nauyin da ba ta faɗuwa. Ranar Litinin ɗin da ta biyo ya je asibitin ya zauna a matakala ta uku tun daga hantsi har azahar, ya koma gida da ciwon kai. A hanyar komawa ya tsaya wurin kafinta ya ce a yi masa kujera mai naɗewa.

Tun daga ranar asibitin nan ya tsaya masa a rai. Duk shekara sai ya rubuta takarda yana roƙon a bar shi ya gyara. Amsar ba ta wuce "a dakata" ko "za a duba", wata shekarar ma fayil ɗin ne zai yi ɓatan dabo. Laifin wa? Ginin bai tsage ba, ba ya yoyo, ba wanda ya kai ƙara, su kuwa marasa lafiya ba su san akwai wanda ake kai wa ƙarar matakala ba. Daraktoci shida suka zo suka tafi. Ya zana gine-gine sun fi tamanin, kowanne da dakalinsa, amma in hanya ta biyo da shi ta babban titin nan sai ya kau da kai. Matarsa ta ce ko a mota suke, in sun zo wurin, hira ɗaukewa take yi sai sun wuce. Inna kuma ta tsufa ta dawo gidansa da zama, gwiwoyi sun ƙi, sai a keken marasa lafiya. In za ta ga likita, can asibitin bayan gari yake kai ta, ya wuce na kusa, ta yi ta mita wai yaron nan yana son yawo da ita a mota.

Saura wata huɗu ya ajiye aiki, sai ga labari an amince a yi wa asibitin kwaskwarima. Sabon darakta ya kira shi. Injiniyan hanyoyi ne, bai jima da zuwa ba, ya girmi 'ya'yan Baba da kaɗan, mutum mai ladabi amma mai sauri, irin waɗanda ke magana suna duba agogo.

Ya ce, "Baba, aikin ba yawa. Fenti, tayil, sabon allo. An riga an sa ranar buɗewa. Hannunka kawai nake so a nan."

Baba ya warware wani zane da gefensa ya yi ja don tsufa, ya danne kusurwoyin da kofi da waya. A fasa matakala, a yi gangara mai sauƙi wadda keke zai hau, a ja baranda tun daga wannan kai har wancan, a sauko da tagar kati cikin inuwa, a yi dakali. Darakta ya duba, ya yi murmushi.

"Haba Baba, matakalan nan ai su ne kyan ginin. A kansu manya za su jeru a ɗauki hoto. Wanda ya zana su ya san aikinsa."

"Ni na zana su, ranka ya daɗe. Lokacin ban san aikina ba."

Darakta ya ce lokaci ba zai isa ba, in aka shiga fashe-fashe ranar buɗewa za ta zo ana cikin ƙura. Baba ya san abin da ke gabansa. In ya ƙi sa hannu, akwai mutum uku a ofishin da za su sa kafin shayinsu ya huce. In kuma aka shafa fenti aka yanka ƙyalle, an rufe maganar asibitin nan sai bayan wasu shekaru ashirin, shi ba ya aiki, Inna kuwa Allah kaɗai ya san inda take. Wannan ce damar ƙarshe, kuma ba shi da wani ƙarfi a hannu sai abu ɗaya da ya iya.

Ya ce, "Zan sa hannu, ranka ya daɗe, ko wanne ka zaɓa. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar Litinin ka ba ni awa ɗaya mu je mu zauna. Ba direba, ba shiga ofishin likita, ba wanda za mu gaya wa ko mu su wa ne."

Darakta ya yi dariya. Ya ji labarin zaman nan tun zuwansa, ya ɗauka irin rigimar tsofaffi ce. Amma furfura ta yi masa kwarjini, ya ce, "Awa ɗaya, Baba. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Ƙarfe goma suka isa. Baba bai ko warware kujerarsa ba, ya nuna masa matakala ta uku suka zauna cikin jama'a. Kai, rana ta ranar ba ta zo da wasa ba! Farin bango na maido ta, siminti na turo ta daga ƙasa. Minti goma darakta ya fara fifita da waya, minti ashirin rigar da aka goge ta manne masa a baya. A gefensa wata mata ta kare kan jaririnta da katin asibiti. Wata mai tsohon ciki ta zo tana hawa, ta dafa gwiwa a kowace matakala ta sauke numfashi, ba ƙarfen da za ta kama. Baba bai ce masa duba ba, bai ce ka gani ba. Ya bar shi da idonsa.

Saura kwata awar ta cika, wata tasi ta tsaya a bakin titi. Wata mata da ta manyanta ta fito ta buɗe ƙofar baya, ga mahaifinta a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta jawo shi har gindin matakala, ta tsaya tana waige-waige, idonta ya sauka a kan mutumin da ya fi kowa alamar lafiya a wurin.

"Bawan Allah, don girman Allah kama mini."

Darakta ya miƙe bai shirya ba. Ya tallafo tsohon ta hammata, Baba ya kama ƙafafu, 'yar na riƙe da jaka da takalma. Mutumin da jikinsa ya saki nauyi gare shi, wanda bai taɓa ɗauka ba ba zai gane ba. A matakala ta huɗu darakta ya fara haki. A ta biyar wandon tsohon ya zame, ga mata cike da wuri, 'yar ta yi wuf ta yafa masa mayafinta. Tsohon ya runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, ya ce da harshen da ba ya fita sosai, "Ku yafe ni, 'ya'yana. Na zame muku kaya."

Da suka dire shi a sama darakta ya tambayi matar ko yau suka fara zuwa. Ta ce, "Ina! Duk Litinin, wata takwas ke nan. Wani lokacin sai mu yi rabin awa a ƙasa kafin mu sami mai kama mana. Shi kam tun ranar Lahadi yake fara roƙona wai mu haƙura da maganin."

Suka sauko suka koma matakala ta uku. Awa ta cika ta wuce, darakta bai duba agogo ba. Can ya share fuska da hannun riga ya ce, "Baba, ka zo da zanen?"

Yana aljihu, a ninke. A kan gwiwarsa darakta ya sa hannu. Baba ya ce, "To hoton manya fa, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Su tsaya a ƙasa, ba wanda zai rage tsawo."

Tsohon birkila ya riga ya daina aiki, yana gida yana fama da jikoki, amma da ya ji labari sai ga shi da cokalin gininsa a leda. Shi ya miƙa wa Baba guduma ya ce, "Kai ka ɗora su, kai za ka fara sauke su." Dattijo mai shekara sittin ya ɗaga guduma ya sauke a kan matakala ta uku, ko gezau ba ta yi ba. Leburori suka kwashe da dariya, birkila ya ce, "Ka ga illar aiki da gaskiya, Baba, ko kuskurenka ba ya fasuwa." Aka yi ta aiki ba hutu, marasa lafiya na bi ta ƙofar baya. Da aka zuba gangarar, Baba ya aro keke daga ɗakin jinya, ya zaunar da birkila a ciki, ya kira wata nas mai ƙaramin jiki ya ce ta tura. Ta kai rabi ta tsaya tana nishi. Ranar buɗewa saura mako uku, ɗan kwangila kamar ya yi kuka, amma Baba ya ce a fasa a ƙara mata tsawo. Darakta ya zo ya gani, ya ce a yi yadda Baba ya ce. Karo na biyu nas ta tura keken da hannu ɗaya tana amsa waya da ɗayan.

An buɗe asibitin saura kwana tara ya yi ritaya. Manya suka zo suka tsaya a ƙasa aka ɗauki hoto, kuma hoton ya yi kyau. An manna sabon allo, sunansa ba ya ciki. Shi yana can baya cikin 'yan kallo, yana duba inda inuwar baranda ta tsaya da ƙarfe sha ɗaya.

Ranar Litinin da ta biyo ya ce wa Inna ta shirya za su ga likitan gwiwa. Da mota ta tsaya ta leƙa ta ce, "Yau kuma ba yawon?" Ya sauko da keken ya zaunar da ita, ya tura ta suka hau gangara a hankali, matarsa na biye da jaka. Ya kai ta bakin dakali ya kama ta ta zauna, ta jingina da ginshiƙi. Iska na ratsa barandar daga wannan kai zuwa wancan. Ya je ya yanki kati ya dawo ya durƙusa a gabanta, kamar yadda ya durƙusa da kofin ruwa shekara talatin da biyu da suka wuce.

"Inna, kin gane wurin nan?"

Ta duba dama ta duba hagu. "Ina zan gane? Asibiti dai asibiti ne."

"Nan ne aka taɓa kawo ki kina zazzaɓi, kika hau matakala da rarrafe. Kika dawo gida kika ce wanda ya zana shi bai taɓa ciwo ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni ne na zana shi, Inna. Na kasa gaya miki."

Ta ƙura masa ido. "Ni na ce haka? Yaushe?"

Matarsa ta juya baya tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Maganar da mutum ya goya shekara talatin da biyu, ta hana shi kallon titi, ta sa maigadi ya kore shi, ta tsayar da dakali a gine-gine tamanin, ashe mai maganar ko kwana ba ta yi da ita ba.

Inna ta shafa simintin dakalin da tafin hannu, ta ji sanyinsa. Ta ce, "To in ma na faɗa, ai gaskiya na faɗa. Amma kai yaro, matakala bakwai ce ta ɗauke ka shekara talatin? Da ma tun kana ƙarami ba ka da sauri." Ta dafa kansa, furfura da komai. "Tashi ka zauna, mutane na kallon ka. Allah ya yi maka albarka."

Ya tashi ya zauna kusa da ita. Kafin layi ya zo kansu barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗarsa, shi kuma ya ƙi motsi. Da nas ta kira lambarsu ya yi mata alama da hannu a ba na bayansu.

Kai ne, Baba Dakali, wanda ya yi kuskure bai shafe shi da fenti ba. Ba a rubuta sunanka a bango ko ɗaya ba, amma duk mai goyon da ta sami inda za ta zauna, duk ɗan aji ɗayan da ya ɗaga kai ya ga sararin sama, duk tsohon da ya shiga wurin likita da mutuncinsa a rufe, sun yi maka addu'a ba su san wa suke yi wa ba. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya inuwantar da kai kamar yadda ka inuwantar da bayinsa.

Ku kuma da kuka rage a kan tebura, masu zane da masu sa hannu, malamai da likitoci da duk wanda jama'a ke bin layi a ƙofarsa, ba a ce ku yi shekara talatin ba. Awa ɗaya kawai. Ku zagayo ta gaban tagar ku zauna inda masu jiran ku ke zama, ba direba, ba wanda ya san ku. Kujerar Baba tana nan ya bar ta a bayan ƙofar ofis, ya ce duk mai so ya ɗauka.

In kuma kun bi ta asibitin nan ranar Litinin da hantsi, kuka ga wani dattijo a dakali riƙe da kati, wata tsohuwa na barci a kafaɗarsa, ku tsaya ku gaishe shi. Amma ku sassauta murya, kada ku tashe ta.